Ƙaurar Mutanen Ingila: Abin Da Su Ke Samu Da Abin Da Su Ke Bari

A cikin watan Nuwamba na 2025 Ofishin Ƙididdiga na Biritaniya ya fito da wani lissafi wanda ya ta da magana ƙwarai a jaridun Landan. Ofishin ya ce a shekarar 2024 kaɗai 'yan ƙasa wajen 257,000 suka tattara nasu ya nasu suka fita da niyyar zama a waje. Da farko an zaci ba su wuce 77,000 ba, sai da aka sake hanyar ƙirga sa'an nan aka ga abin ya ninka uku har da ɗoriya. Waɗanda suka komo gida a cikin shekarar nan ba su kai waɗanda suka fita ba, mafi yawan masu fitar kuwa matasa ne.

Watakila mai karatu ya yi mamaki, ya ce yaya ƙasar da waɗansu ke sayar da gona da gida don neman izinin shigarta, ita ce kuma 'ya'yanta ke bari? Amsar da masu tafiyar kan bayar guda biyu ce. Waɗansu su ce zaman Ingila ya yi tsada, albashi ba ya kai ƙarshen wata. Waɗansu su ce jin daɗi su ke nema, watau hasken rana, da fili, da aikin da ba ya cinye ran mutum. Duka biyu akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya bi tarihin ƙaurar nan tun daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zai ga abu guda yana ta maimaituwa: mutum ya kan yi lissafinsa da farashin ranar da ya tashi, alhali kuwa zai zauna shekara talatin ko arba'in, a cikinsu canjin kuɗi ya juya, doka ta sake, shi kansa ya tsufa. Bari mu bi maganar daki daki.

Turawan fam goma

Bayan an gama yaƙi a 1945 Ingila ta fito a gajiye. Bama-bamai sun rushe gidaje masu yawa, abinci kuwa sai da kati a ke saye. Ko burodi, wanda ba a taɓa ƙayyade shi lokacin yaƙi ba, sai da aka sa masa kati daga 1946 zuwa 1948, nama kuwa bai fita daga kati ba sai 1954. Sanyin 1947 ya zo da ƙarancin gawayi. A Disamba 1952 hayaƙi ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana da kwanaki, mutum dubbai suka mutu.

A daidai wannan lokaci Ostareliya na kukan ƙarancin mutane. Ƙasa ce mai faɗin gaske, amma jama'arta duka ba su fi miliyan 7 da 'yan kai ba, ga shi kuwa ta tsorata da yadda mayaƙan Japan suka matso kusa da ita. Ministanta na farko mai kula da shigowar baƙi, Arthur Calwell, ya dage a kan lalle a cika ƙasar da mutane. Aka shirya da gwamnatin Ingila cewa duk baligin da aka amince da shi zai biya fam 10 kacal a kai shi a jirgin ruwa, yara ƙanana kuwa kyauta. Sharaɗin shi ne ya zauna shekara 2. In ya komo kafin nan, sai ya biya kuɗin kai shi da aka yi, ya kuma biya na komowa daga aljihunsa. A zamanin nan ƙofar Ostareliya ta fi buɗuwa ga farar fata, ba a soke wannan manufa sarai ba sai 1973. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka tafi ta hanyar fam goman nan kafin a ƙara kuɗin ya zama fam 75 a 1973, aka kuma rufe shirin a 1982. Niw Zilan ma ta yi irin nata shirin, Kanada kuwa ta kwashi rabonta, musamman a 1957 bayan rikicin Suwez.

Da yawa sun dace. Julia Gillard, wadda aka haifa a Wales a 1961, iyayenta sun kai ta Adelaide a 1966 saboda ciwon huhun da ta yi tana ƙarama, aka ba su shawarar su nemi ƙasa mai ɗumi. A 2010 ta zama Firayim Ministan Ostareliya. Tony Abbott, wanda ya hau kujerar a 2013, a Landan aka haife shi, shi ma ta wannan shiri iyayensa suka kai shi.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Waɗanda ba su da mai tarbarsu an sauke su a sansanin baƙi, waɗansu a rumfunan kwano irin na soja, masu zafi da rani, masu sanyi da hunturu. Waɗansu suka tarar takardun sana'arsu ba su karɓuwa sai an sake jarraba su. Mata da yawa suka kamu da begen gida, wasiƙa ta yi kwanaki a hanya, wayar tarho kuwa sai mai hali. An kiyasta wajen ɗaya cikin huɗu sun komo Ingila. Abin mamaki, daga cikin waɗanda suka komo ɗin, waɗansu suka tarar gidan ba yadda suka bar shi ba, suka sake ɗaure kaya suka koma Ostareliya da kuɗinsu. Tafiyar fam goma ta zama tafiya uku.

Abin da ke korar na yanzu

Na yanzu ba katin abinci ke korarsu ba. A Oktoba 2022 hauhawar farashi a Biritaniya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da ba a gani ba cikin shekara 41. Kuɗin wuta da na gas suka yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a wannan shekara. Albashi kuwa, in an cire tashin farashi, ya daɗe bai motsa sosai ba tun rikicin bankuna na 2008. Saurayi ya gama jami'a da bashin karatu a wuyansa, haya ta cinye babban rabo daga albashinsa, sayen gida kuwa sai in iyaye sun tallafa.

A Maris 2023 ƙananan likitocin Ingila suka fara yajin aiki a kan albashi, aka yi ta yi har shekara ta zagayo. Ƙasashen da ke neman ma'aikata ba su yi barci ba. A farkon 2023 gwamnatin jihar Ostareliya ta Yamma ta aika da tawaga Biritaniya musamman don neman likitoci da nas-nas da malaman makaranta da 'yan sanda da masu sana'ar hannu. Yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen biyu, wadda ta fara aiki a 2023, ta kuma sauƙaƙa wa matasa: an ɗaga shekarun masu neman bizar aiki da yawon buɗe ido daga 30 zuwa 35, daga Yuli 2024 kuma Baturen Ingila na iya yin shekara 3 da ita ba tare da an tilasta masa aikin gona ba.

Albashi da haya

To, a nan ne lissafi ke farawa. Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki daga ƙaramin gari zuwa babban birni da ƙarin albashi ya san ƙarin nan ya kan ƙare a hannun mai gidan haya. Abin dubawa shi ne abin da ya rage a hannu bayan an biya haraji da haya da abinci da kuɗin mota.

Mu ɗauki mafi ƙanƙantar lada. A Afrilu 2025 doka ta sa a biya mai shekara 21 zuwa sama a Biritaniya aƙalla fam 12.21 a kowace awa. A Yuli 2025 na Ostareliya ya zama dalarsu 24.95. In an canza su bisa farashin shekarar, kusan kunnen doki ne. Watau leburan da ya haye teku don lada kaɗai bai ci wata riba ba. Inda bambanci ya ke fitowa shi ne wajen masu ƙwarewa, kamar likita da nas da injiniya da mai aikin ma'adinai, waɗanda galibi a kan biya su fiye da yadda a ke biyansu a gida. Akwai kuma wata riba da ba ta fitowa a takardar albashi: daga Yuli 2025 doka ta wajabta wa mai ba da aiki a Ostareliya ya zuba kashi 12 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun tsufansa, alhali mafi ƙarancin abin da doka ta ɗora wa mai ba da aiki a Biritaniya kashi 3 ne.

Amma sai a zo ga gida. Birnin Sidni na cikin biranen da sayen gida ya fi wuya a duniya in an gwada farashi da abin da mutane ke samu. Matsakaicin gida a can ya daɗe da wuce dalar Ostareliya miliyan ɗaya. Toronto da Vancouver a Kanada, da Auckland a Niw Zilan, duk kanwar ja ce. Mutumin Landan watakila ya ga sauƙi kaɗan, amma wanda ya fito daga arewacin Ingila ko Wales, inda gidaje ke da dama-dama, sai ya tarar ya gudu daga tsada ya faɗa cikin wadda ta fi ta.

Dubai kuma wani irin lissafi ne. Ba a cire harajin albashi a can, wannan shi ke jan mutane. Sai dai makarantar yara ta kuɗi ce, asibiti sai da inshora, haya mai nauyi, da rani kuma zafi ya kan wuce awo 40. Ga mafi yawan baƙi izinin zama a ɗaure ya ke da aiki, ranar da aiki ya ƙare an fara ƙirga kwanakin tashi, zama ɗan ƙasa kuwa abu ne mai wuyar samu. Wuri ne na tara kuɗi a komo, kamar cin rani mai tsawo.

Arahar Sifen

Tsofaffi nasu lissafin daban ne. Ba aiki su ke nema ba, wurin da fenshonsu zai yi auki su ke nema. Bayan Sifen ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a 1986, wadda Biritaniya ta riga ta shiga a 1973, sai gaɓar tekunta ta kudu da ta gabas, wajen Malaga da Alikante, ta cika da Turawan Ingila. Mutum ya sayar da gidansa mai tsada a Ingila, ya sayi mai araha a bakin teku, ya ajiye canji, ya huta da kuɗin ɗumama ɗaki. A 2006 wata cibiyar bincike ta Landan mai suna IPPR ta kiyasta 'yan Biritaniya miliyan 5.5 ke zaune a waje, miliyan 1.3 a Ostareliya, Sifen na biye da ita.

Sai dai fenshon da fam a ke biya, cefane kuwa da yuro a ke yi. A 2007 fam ɗaya na kawo yuro ɗaya da kusan rabi. Kafin ƙarshen 2008 fam da yuro sun kusa zama daidai. Misali, mai fenshon fam 1,000 a wata, wanda ya saba karɓar wajen yuro 1,450, sai ya wayi gari da ɗan abin da ya haura 1,000, bai yi laifin kome ba. A lokaci guda kasuwar gidaje ta Sifen ta faɗi. Wanda ya so komawa gida ya rasa mai sayen gidansa da daraja, kuɗin da zai samu kuwa ba za su sake saya masa irin gidan da ya sayar a Ingila ba.

Bayan canji sai doka. Ran 23 ga Yuni 2016 mutanen Biritaniya suka jefa ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai, aka fita ran 31 ga Janairu 2020, 'yancin zama a ƙasashen ƙungiyar ya ƙare a ƙarshen wannan shekara. Waɗanda suka riga suka zauna bisa ƙa'ida an kiyaye musu haƙƙinsu. Sabon zuwa kuwa baƙo ne kamar kowane baƙo: ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 sai da biza. A 2024 mai neman bizar zama a Sifen ba tare da aiki ba sai ya nuna yana da abin da ya kai yuro 2,400 a kowane wata, cikakken fenshon gwamnatin Biritaniya kuwa a shekarar fam 221.20 ne a mako, bai kai rabin wannan ba. Hanyar da direban bas ko ma'aikacin gidan waya mai ritaya ya bi a 1995 yanzu sai mai ajiya.

Asibiti

Tun ran 5 ga Yuli 1948 Biritaniya ke da hukumar lafiya ta ƙasa wadda su ke kira NHS, inda mazaunin ƙasa ke ganin likita a kwantar da shi a yi masa aiki ba a karɓi ko kwabo a hannunsa ba, don an riga an biya ta hanyar haraji. Mutanen Ingila na kuka da ita saboda dogon jira, amma sun saba da ita har ba su kan sa ta cikin lissafi ba. Haƙƙin nan kuwa na mazauni ne. Wanda ya ƙaura ya zauna a waje, galibi ya fita daga cikinsa ko da fasfonsa na Biritaniya ne. A Ostareliya da Kanada akwai tsarin gwamnati ga wanda ya sami izinin zama na dindindin. A Amurka kuwa inshora ce, mafi yawa ta hannun mai ba da aiki, rashin lafiya guda na iya cinye ajiyar shekaru. Ɗan shekara 28 ba ya tuna asibiti sa'ad da ya ke sayen tikiti, ɗan shekara 70 kuwa kusan ba abin da ya fi tunawa.

Fenshon da ba ya girma

Akwai wata ƙa'ida wadda mutane da yawa ba su sani ba sai sun tsufa. Kowace shekara a kan ƙara fenshon gwamnatin Biritaniya don ya bi tashin farashi ko na albashi. Mai zaune a ƙasashen Tarayyar Turai, ko Amurka, ko Jamaika, ko Filifin, yana samun ƙarin nan, don akwai yarjejeniya da ƙasashen. Amma mai zaune a Ostareliya, ko Kanada, ko Niw Zilan, ko Afirka ta Kudu, fenshonsa na tsayawa cik a kan adadin da ya fara karɓa a can. Tsofaffi biyu da suka yi aiki ɗaya suka zuba kuɗi ɗaya, wannan na zaune a gefen Amurka na kogin Niagara, wancan a gefen Kanada, ɗaya nasa na ƙaruwa, ɗaya nasa na nan yadda ya ke.

Ga misali. A 2000 cikakken fensho na asali fam 67.50 ne a mako. A 2025 ya kai fam 176.45. Wanda ya fara karɓa a Kanada a 2000 har yanzu 67.50 ɗin nan a ke aiko masa. Mutum fiye da 400,000 abin ya shafa. Wata mata mai suna Annette Carson, mazauniyar Afirka ta Kudu, ta kai ƙarar gwamnati. Ta sha kaye a Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, a 2005, ta sake shan kaye a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai a 2010. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na kowace jam'iyya, ba wadda ta sake ƙa'idar, don gyaranta zai ci kuɗi mai yawa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Nijeriya da Gana na cikin ƙasashen da ba su da yarjejeniyar. Ɗan'uwanmu da ya yi shekara 30 yana aiki a Ingila, ya ce zai komo gida ya huta cikin dangi, ya sani fenshonsa zai tsaya a kan adadin da ya ke karɓa ranar da ya komo. Guraben da likitoci da nas-nas na Ingila ke bari kuwa, 'yan Indiya da Filifin da Nijeriya na cikin waɗanda suka fi cika su, saboda haka masu wannan lissafi a cikinmu ƙaruwa za su yi.

Abin da ba ya hawa sikeli

Saura abin da ba a saye da kuɗi. Gaskiya ne hasken rana da fili da bakin teku na ƙara wa mutum walwala, yara su yi wasa a waje shekara duka. Amma ranar nan da a ke nema ita ce ta sa Ostareliya da Niw Zilan ke kan gaba a duniya wajen sankarar fata, gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 kuwa ta rufe Sidni da hayaƙi makonni. Ga kuma nisa. Ko jirgin da ba ya tsayawa tsakanin Landan da Perth, wanda ya fara tashi a 2018, awa 17 ya ke yi a sama. A zamanin annobar korona Ostareliya ta rufe iyakarta daga Maris 2020 kusan shekara biyu, mutane da yawa suka yi ta'aziyyar iyayensu ta wayar hannu. Galibin masu komowa, tun daga zamanin fam goma har yau, ba farashin burodi ke komo da su ba. Uwa ce ta tsufa, ko an haifi jariri ba kaka a kusa, ko miji ya rasu ya bar mata ita kaɗai a ƙasar da ba ta iya harshenta ba.

Ba muna cewa kada kowa ya tashi ba ne. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, kuma mafi yawan Turawan fam goma sun zauna, jikokinsu na can a ƙasar har yau. Saurayi mai sana'ar da a ke nema, wanda bai sayar da kome ba, in ya tafi ya ga bai yi masa ba, asararsa kaɗan ce, ya kuma ƙaru da sanin duniya. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai iyali da mai shirin ritaya, wanda zai sayar da gida ya yanke igiyar komowa. Irin wannan ya kyautu ya tambayi kansa abu huɗu kafin ya ɗaure kaya: me zai rage masa bayan haya, wa zai biya in ya kwanta ciwo, yaya fenshonsa zai kasance bayan shekara 20, kuma in canji ya juya ko doka ta sake, yana da abin komawa gida? Wanda ya amsa waɗannan da alƙalami da takarda, in ya tashi ya san abin da ya saya. Allah ya sa mu dace, ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya.